Tambaya da Amsa: Daga Unix zuwa Linux, da abin da ya shafi kwamfutarka

Yawancin wasiƙun wannan wata sun karkata ne ga babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, wato mai yin irin aikin Windows, musamman waɗanda aka buɗe asalin rubutunsu domin kowa ya karanta, ya gyara, ya raba wa wani. Ga waɗanda muka samu damar amsawa.

Daga wani ɗalibin kimiyyar kwamfuta a Zariya: Malaminmu ya ce Linux da FreeBSD da Android da manhajar kwamfutocin Apple duk 'yan gida ɗaya ne, kakansu Unix. Wani littafi kuma ya ce Linux ba Unix ba ce. Wanne zan ɗauka?

Amsa: Ɗauki duka biyun, ɗan'uwa, domin kowanne ya faɗi gaskiya ta fuskarsa.

An haifi Unix a 1969 a ɗakin binciken Bell Labs na kamfanin tarho na AT&T a Amurka, a hannun Ken Thompson da Dennis Ritchie, a kan wata kwamfuta mai suna PDP-7. A 1973 suka sake rubuta ta da harshen C, wanda Ritchie ya ƙirƙiro. Wannan ne ya sa ta yi tsawon rai. Kafin nan, babbar manhaja a ɗaure take da injin da aka rubuta ta dominsa, injin na tsufa ita ma ta tafi. Da C kuwa ana iya ɗaukar ta a kai wani injin da gyara kaɗan. Sai kuma wani dalili na shari'a: tun 1956 akwai yarjejeniya da gwamnatin Amurka da ta hana AT&T shiga wata sana'a ban da ta sadarwa, don haka suka riƙa ba jami'o'i Unix a kan kuɗi kaɗan, haɗe da asalin rubutunta.

Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley na cikin waɗanda suka karɓa. Malamai da ɗalibai, cikinsu har da Bill Joy, suka yi ta ƙari da gyara, suna rabawa da sunan BSD tun daga 1978. Fitowar 4.2BSD ta 1983 ce ta yaɗa TCP/IP, ƙa'idar da intanet ke tafiya a kanta har gobe. A hankali suka cire rubutun AT&T suna maye gurbinsa da nasu, har a 1991 suka saki kusan cikakkiyar manhaja ga kowa. Daga wannan reshe FreeBSD da NetBSD suka fito a 1993, sannan OpenBSD ta ɓalle daga NetBSD a 1995. Manhajar Mac da ta iPhone ma akwai rubutun BSD a ƙarƙashinsu, haka ta PlayStation 4.

Linux ta wata hanya ta biyo. A 1983 Richard Stallman na cibiyar MIT ya shelanta aikin GNU, da nufin rubuta manhaja mai halin Unix daga tushe, ba tare da ɗaukar layi ko ɗaya na AT&T ba. Zuwa 1990 sun gama mafi yawan kayan aiki, kamar GCC mai juya rubutun C ya zama abin da inji ke ganewa, da Bash mai karɓar umarni. Abin da ya rage musu shi ne zuciyar manhajar, wato sashen da ke magana kai tsaye da inji, yana raba wa kowane aiki lokaci da wurin zama a RAM. A ranar 25 ga Agusta 1991 Linus Torvalds, ɗalibi ɗan shekara 21 a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finlan, ya sanar cewa yana rubuta irin wannan zuciya don kwamfutarsa mai injin 386. A kan Minix ya fara aikin, wata ƙaramar manhajar koyarwa da Andrew Tanenbaum ya fitar a 1987, amma bai kwafi rubutunta ba. Fitowar farko kimanin layi dubu 10 ce. Yau ta haura layi miliyan 30.

To ka ga, BSD ɗiyar cikin gida ce, jini ɗaya da Unix. Linux kuwa almajirar gidan ce: ta ɗauki karatu da ɗabi'a, ba ta gaji jini ba. Abin da ya sa umarni irin su ls da cp da grep ke aiki iri ɗaya a dukkansu shi ne ƙa'idar POSIX da aka fara fitarwa a 1988. Android, wadda ta fito a 2008, zuciyarta Linux ce, amma sauran jikinta Google ne ya gina, ba kayan GNU ba.

Idan ka ce me ya sa almajirar ta fi ɗiyar gida suna, babban dalili shi ne ƙara. A 1992 reshen AT&T mai kula da Unix ya maka kamfanin da ke sayar da BSD a kotu, daga baya aka haɗa da jami'ar. Ba a sasanta ba sai farkon 1994, inda aka cire 'yan fayiloli kaɗan. A waɗannan shekaru biyu mutane na ɗari-ɗari da BSD, Linux kuma ba ta da wannan tabo, sai masu rubutu suka yi mata caa. Slackware da Debian, nau'o'in Linux da aka haɗa wa zuciyar da sauran kayan aiki, duk a 1993 suka fito, kuma har yau suna nan.

Kada ka ɗauki wannan salsala a matsayin abin haddar jarrabawa kawai. Ubuntu, wadda ɗan Afirka ta Kudu Mark Shuttleworth ya kafa a 2004, daga Debian take. Linux Mint daga Ubuntu take. Saboda haka dukkansu da umarnin apt ake ɗora musu manhaja, fayilolinsu na ƙarewa da .deb. Fedora kuwa dangin manhajar kamfanin Red Hat ce, tana amfani da dnf da .rpm. Wanda bai san dangin tasa ba zai kwafo umarnin wani gida ya liƙa, ya ƙi aiki, ya ce Linux wuya gare ta.

Daga wani mai gyaran kwamfuta a Kano: Idan na ɗora wa mutum Ubuntu na karɓi kuɗi, ko na sayar da ita a filash, na ci haƙƙin wani?

Amsa: Ba ka ci ba, Malam. Lasisin GPL, wanda zuciyar Linux ke ƙarƙashinsa tun 1992, ya ba duk wanda manhajar ta shiga hannunsa dama huɗu: ya yi amfani da ita a kan kowace buƙata, ya karanta rubutunta ya gyara, ya raba kwafinta, ya kuma raba wadda ya gyara. Bai hana karɓar kuɗi ba ko kaɗan. Red Hat da wannan sana'a ta yi arziki, har IBM ya saye ta a 2019 a kan dala biliyan 34.

Sharaɗin shi ne kada ka toshe wa na gaba ƙofar da aka buɗe maka. Wanda ka sayar wa yana da ikon kwafa wa wasu, kuma idan ya nemi asalin rubutun dole ka sama masa, har da gyaran da ka yi idan ka yi. Lasisin BSD ya fi sassauci: ka bar sunan masu ita a jiki, sauran kuma ka yi yadda ka so, ko da rufe naka gyaran ne. Shi ya sa kamfanoni irin su Apple da Sony suka iya gina rufaffen kaya a kansa. Har yau ana muhawara a kan wanne ya fi. A ganinmu, ga mai ƙaramin ƙarfi GPL ta fi kare shi, domin tana tilasta wa manya su dawo da gyaransu cikin taro.

Abu biyu za ka kiyaye. Suna da tambari na masu su ne, don haka idan ka canja kayan ciki sosai, kada ka sayar da sunan Ubuntu. Sannan ka gaya wa mai saye gaskiya cewa kuɗin aikinka da datarka da filash ɗinka yake biya.

Daga wani shugaban makaranta a Katsina: Muna da laftof 'yan gwanjo a ɗakin kwamfuta, RAM ɗinsu gigabait 4, suna kan Windows 10. An ce an daina kula da ita, Windows 11 kuma ta ƙi hawa. Ba mu da kuɗin sababbi. Mene ne mafita?

Amsa: Ranka ya daɗe, abin da aka gaya maka haka yake. Microsoft ta daina ba Windows 10 gyaran tsaro na yau da kullum a ranar 14 ga Oktoba 2025, sai wani ƙarin wa'adi na ɗan lokaci ga wanda ya yi rajista. Windows 11 kuma tana neman wani guntun tsaro mai suna TPM 2.0 da injin Intel na zubi na takwas zuwa sama, ko makamancinsa na AMD. Injinanku ba su lalace ba, kamfani ne ya yanke musu wa'adi. A nan ne amfanin buɗaɗɗiyar manhaja ya fi fitowa fili, domin babu kamfani ɗaya da ke da ikon cewa yau aikinta ya ƙare.

Muna ba da shawarar Linux Mint 22, nau'in Xfce. Fuskarta ta yi kama da wadda yara suka saba, tana tashi da RAM gigabait 2, ta sake da 4, kuma za a ci gaba da ba ta gyara har 2029. Ku fara da kwamfuta ɗaya tukuna.

Ku sauke fayil ɗin ISO, wato kwafin manhajar gaba ɗaya a fayil guda, daga shafin Linux Mint kansa. Ya kusa gigabait 3, amma sau ɗaya za ku sauke, ya ishi dukkan kwamfutocin. Idan sabis na yankewa, fayil kan iso da rauni, kuma ba za ku gane ba sai ɗorawa ta tsaya a tsakiya. Don haka a Windows ku buɗe Command Prompt a folda ɗin da fayil ɗin yake, ku rubuta certutil -hashfile sunan-fayil.iso SHA256, ku gwada dogayen lambobin da suka fito da waɗanda ke shafin. Harafi ɗaya ya saɓa, a sake saukewa.

Ku nemi filash mai gigabait 8, ku rubuta ISO ɗin a kansa da Rufus ko balenaEtcher. Jan fayil ɗin kawai a jefa cikin filash ba ya aiki. Rubutawar tana goge duk abin da ke filash ɗin. Kafin ku taɓa kwamfutar kuma, ku kwashe sakamakon jarrabawa da duk takardun makaranta zuwa wani wuri, ku buɗe su a can ku tabbatar sun kwafu.

Ku soka filash, ku kunna, ku riƙa danna maɓallin zaɓen inda za ta tashi: F9 a HP, F12 a Dell da Lenovo da Acer, Esc a yawancin Asus. Mint za ta tashi daga filash ba tare da ta taɓa abin da ke ciki ba. Kada ku yi gaggawar danna Install. Ku gwada Wi-Fi, da sauti, da kyamara, da maɓallan hasken allo, ku haɗa firinta da majigi idan kuna da su. Abin da ya yi aiki a nan zai yi bayan ɗorawa.

Ga inda aka fi tuntuɓe. Idan Wi-Fi bai fito ba, galibi katin Broadcom ne, wanda direbansa, wato ƙaramar manhajar da ke sa shi aiki, rufaffe ne. Ku haɗa waya da kebul, ku kunna raba data ta USB, ku buɗe Driver Manager ku zaɓi direban. Idan mai ɗorawa ya ce bai ga faifan ajiya ba, ku shiga BIOS, wato saitin inji da ake buɗewa lokacin kunnawa, ku duba tsarin SATA. In yana kan RAID ko Intel RST, ku mayar da shi AHCI. Amma idan kuna son barin Windows a gefe, canja wannan kai tsaye zai hana ta tashi, sai an fara saita ta ta tashi a Safe Mode, sannan a canja, a bar ta ta tashi a haka sau ɗaya. Haka nan, mai riƙe Windows tare da Mint ya kashe Fast Startup, domin yana barin faifai a kulle, Linux ta kasa rubutu a ɓangaren Windows. Idan akwai BitLocker, makullin faifai na Windows, a rubuta lambobin ceto guda 48 a takarda tun kafin a fara. Ga ɗakin karatu dai mun fi son a goge komai a bar Mint ita kaɗai, rigima ta fi ƙaranci.

Ku buɗe wa yara asusu marar ikon shugaba, kalmar sirrin shugaba ta zauna wurin malami. Ku kunna Timeshift, mai ɗaukar hoton tsarin manhajar, domin in wani abu ya ɓaci a koma jiya cikin mintoci. Batun data kuma, ku ɗora apt-cacher-ng a kwamfuta ɗaya, ku nuna wa sauran adireshinta a ƙofa ta 3142. Duk sabuntawar da ɗaya ta sauke, sauran daga wurinta za su ɗauka.

Idan akwai 'yan kuɗi, ku fara da canja tsohon faifai mai juyawa da SSD mai gigabait 128 ko 256. Ya fi kowane gyara sa tsohuwar laftof ta farfaɗo. RAM na biye, domin burauza ce ke cinye shi, kowace manhaja ake kai. Ƙananan laftof masu injin Atom na farko kuwa 32-bit ne, Mint ta yanzu ba za ta hau su ba. Debian 12 ce ta ƙarshe a gidan Debian da ke ɗoruwa a kan irinsu.

Daga wata mai shagon buga takardu a Maraɗi: Aikina Word ne da CorelDRAW, kuma ina buga Hausa da yawa. Zan iya komawa Linux?

Amsa: Hajiya, rabin aikinki zai koma lafiya, rabi kuma sai kin yi tunani.

LibreOffice, wadda ta ɓalle daga OpenOffice a 2010, tana zuwa a cikin Mint, tana buɗe fayilolin Word da Excel tana kuma ajiye su. Abin da ke sa shafi ya zame, layi ya tsallaka, yawanci rashin irin zanen harafin da aka yi takardar da shi ne. Ki ɗora Carlito da Caladea, waɗanda faɗin haruffansu daidai yake da Calibri da Cambria. Liberation, mai maye gurbin Arial da Times New Roman, tana nan tun asali. Abin da za ki miƙa wa mai aiki ya buga a wani wuri, ki ba shi a PDF.

CorelDRAW ba ta da nau'in Linux. Inkscape na yin aiki irin nata, tana ma buɗe fayilolin .cdr, amma ba kullum suke fitowa daidai ba, musamman masu inuwa da rubutu mai lanƙwasa, kuma sarrafa launin CMYK na maɗaba'a bai kai na Corel ba. Idan katin biki da kalanda ne ke kawo miki ciniki, ki bar kwamfuta ɗaya a kan Windows mai lasisi, ki mayar da na buga rubutu Linux. Ki kuma gwada firintarki tun daga filash. Yawancin na HP na aiki nan take, wasu ƙanana masu araha kuwa sun dogara da direban Windows.

Haruffa masu ƙugiya ba matsala. A saitin allon rubutu akwai tsarin Hausa a ƙarƙashin Najeriya, akwai wani a ƙarƙashin Gana. Ki duba hoton maɓallan kafin ki fara, domin wasu haruffa sun canja wuri. Idan ba kya son canja tsarin da hannunki ya saba, a yawancin manhajoji za ki iya danna Ctrl da Shift da U tare, ki rubuta lamba, ki danna Enter: 253 na ba da ɓ, 257 ɗ, 199 ƙ, 1b4 kuma ƴ da ake rubutawa a Nijar. Manyansu su ne 181 da 18a da 198 da 1b3. Idan harafin ya fito da wani zane dabam da na 'yan'uwansa, zanen da kika zaɓa ne ba shi da shi. Ki koma Noto ko DejaVu ko Charis SIL.

Daga wata ma'aikaciyar banki a Kaduna: Idan kowa na ganin rubutun manhaja, ai ɓarayi ma na gani. Ta yaya za a ce ta fi tsaro?

Amsa: Tambayarki a kan hanya take, Malama, kuma ba za mu ce miki buɗewa kaɗai na kawo tsaro ba. A Afrilun 2014 aka gano ɓarakar Heartbleed a OpenSSL, manhajar da ɗimbin shafukan intanet ke ɓoye sirri da ita. Kuskuren ya yi kimanin shekara biyu a fili ba wanda ya lura, domin mutane ƙalilan ne ke kula da aikin, ba kuma da wani kuɗin kirki ba.

Sai ki dubi abin da ya faru a Maris 2024. Wani da ya shafe shekaru yana taimakawa a aikin xz, wata ƙaramar manhajar matse fayil, har aka amince masa, ya dasa ƙofar sata a fitowa ta 5.6.0 da 5.6.1. Wani injiniya, Andres Freund, ya lura shiga kwamfutarsa ta SSH, hanyar shiga kwamfuta daga nesa, ya ƙara jinkirin kusan rabin daƙiƙa. Da yake komai a buɗe yake, ya bi sawu har ya tono abin, ya sanar da duniya kafin ya shiga tabbatattun fitowar Debian da Ubuntu da Red Hat. Da rufaffiya ce, iyakarsa ya kai ƙorafi ya jira. Ɓarawo ba ya buƙatar asalin rubutu kafin ya sami ɓaraka, kamar yadda WannaCry ta nuna a 2017 lokacin da ta durƙusar da kwamfutocin Windows da ba a sabunta ba, har da na asibitocin Birtaniya. Mai tsaro ne rufewa ta fi ɗaure wa hannu.

Kan haka ne mafi yawan manyan kwamfutocin da ke ɗauke da shafukan intanet ke kan Linux, kuma tun Nuwamban 2017 dukkan kwamfutoci 500 mafiya ƙarfi a duniya ita suke amfani da ita. A gida kuwa, tsaronki na ga abu uku: ki ɗora manhaja daga rumbun da ya zo da ita kawai, ki riƙa sabuntawa, kada kuma ki liƙa umarnin da ya fara da sudo, mai ba da ikon shugaba, alhali ba ki san aikinsa ba. Saƙon yaudara mai neman lambar katinki kuwa ba ruwansa da irin manhajar da kike kai.

Daga wani mai karatu a Garwa: Na haɗa Windows da Ubuntu a kwamfuta ɗaya. Duk lokacin da na fito daga Ubuntu, agogon Windows na komawa baya da awa ɗaya. Kuma an taɓa ɗauke wuta ina sabuntawa, yanzu ta ƙi ɗora komai.

Amsa: Agogo ɗaya ne a cikin inji, su biyun kuma kowacce da yadda take karanta shi. Ubuntu na ajiye lokacin duniya na UTC a ciki, Windows kuma na ɗauka lokacin gari ne. Kamaru da Najeriya da Nijar da Chadi suna gaban UTC da awa ɗaya, shi ne awar da kake rasawa. A Sudan awa biyu ce, a Gana kuwa ba a ganin matsalar sam. A Terminal na Ubuntu ka rubuta timedatectl set-local-rtc 1 --adjust-system-clock, sannan ka gyara agogon Windows sau ɗaya. Za ta yi maka gargaɗi, amma ya fi shafar ƙasashen da ke canja agogo da rani da hunturu. Idan kuma shekarar ce gaba ɗaya ke komawa baya bayan an kashe, ƙaramin batirin cikin inji ne ya mutu, yawanci CR2032, a canja shi.

Na biyun, wutar ta yanke ne bayan an kwance wasu kaya ba a gama saita su ba, apt kuma ba ya karɓar sabon aiki sai an kammala na baya. Ka rubuta sudo dpkg --configure -a, ka jira ya gama, sannan sudo apt --fix-broken install, sannan sudo apt update da sudo apt upgrade. Idan ma ta ƙi tashi, ka riƙe Shift ko ka danna Esc lokacin kunnawa, jerin GRUB, inda ake zaɓen abin da za ta tashi da shi, zai fito. Ka shiga Advanced options ka zaɓi tsohuwar zuciyar da ke ƙasa da sabuwar, domin Ubuntu na barin ta saboda irin wannan rana, ka yi gyaran daga can. Nan gaba kada ka fara babbar sabuntawa a laftof sai batiri ya haura rabi, a kwamfutar tebur kuma sai da UPS ko lokacin da janareta ke aiki.